Safar da Matsattsaku Suka Ƙi

Ruwan sha ne ya ƙare musu gab da faɗuwar rana, sai Derus ya ɗauki jarka ya ce bari ya gangara rafi. Matarsa Seriah tana ɗaure gadon raga tsakanin bishiyoyi biyu, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ka ɗaure safarka da kyau, Abang," ta ce, yadda matan ƙauyensu ke kiran miji. "Jiya har a cinya na cire maka matsattsaku, sai ka ce gayyar biki ka yi musu."

"Jinina ne mai zaƙi, Mai Tukunya. Naki ko kyauta aka ba su ba sa so."

"Tafi can, tsoho. Ka dawo da sauran haske."

Ya yi dariya ya shige cikin ganye, jarkar tana bugun ƙafarsa.

Tun da 'ya'yansu suka girma suka watse birni, Seriah ce ke raka mijinta neman gaharu, itacen turare mai tsada, a dazukan saman kogin Tembeling. Wannan karon sun yi sa'a. Da safe suka tarar da wata tsohuwar bishiya a gefen dutse, cikinta baƙi ƙirin, ƙamshi na tashi tun kafin adda ta shiga sosai. An ɗaura wa bishiyar wani ɗan ƙyalle rawaya da ya koɗe. Seriah ta nuna masa. Derus ya ce tarkacen mafarauta ne, ya yi wa masu dajin sallama a gurguje, bai tsaya ya saurari komai ba ya kai sara. Gutsuren da suka ciro yana nan naɗe a ƙasan kwando, nauyinsa kamar dutse.

Ta gama ɗaure ragar, ta ja gidan sauro ta rufe, ta gyara tamfol ɗin da ke sama. Sannan ta zauna a kan gungume tana duba safarta. Duk wanda ya san dajin ya san safar nan. Kamar buhu take, ta yadi mai kauri, ka zura ƙafa har gwiwa, ka ɗaure bakinta da igiya, ka sa takalmin roba a kai. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma ba don ita ba da matsattsaku sun shanye mutum tun bai kai zango ba. Seriah takan jiƙa nasu a ruwan taba, duk da haka sai sun hau. Shi ya sa kowace yamma aikinsu na farko shi ne su zauna ƙafa da ƙafa, ta cire masa nasa, ya cire mata nata, suna yi suna tsiya.

Ta cire nata ita kaɗai, ta yarfar. Ta wanke shinkafa da ɗan ragowar ruwan buta. Ta jera itace.

Gyare suka fara kukansu na magariba, mai shiga kunne kamar ana wasa wuƙa. Derus bai dawo ba.

Rafin ba shi da nisa. Idan iska ta kwanta har ƙarar ruwansa ana ji.

A dajin nan ba a kiran mutum da sunansa. Suna a gida ake barinsa, tare da takalmin zuwa masallaci. Idan abokin tafiyarka ya daɗe, sai ka sami faffaɗar saiwar bishiya ka buga da bayan adda, shi ma ya buga maka daga inda yake. Kowa ya san dalili, ba wanda yake son faɗa da baki. Mutanen ɓoye suna da kunne, kuma sunan da hannunsu ya kama ba ya dawowa da sauƙi.

Seriah ta san wannan tun tana yarinya. Ta ɗauki adda ta buga. Kwam, kwam. Ta saurara.

Shiru.

Ta sake bugawa da ƙarfi har hannunta ya yi tsami. Sai daga wajen rafin ta ji wani abu ya faɗa ruwa, tsundum, ƙarar jiki mai nauyi. Ta tuna santsin duwatsun wurin. Ta tuna gwiwarsa da take ciwo. Bakinta ya riga hankalinta.

"Abang Derus!"

Gyaren suka yi tsit gaba ɗaya.

Ta dafe bakinta da hannu biyu, amma sunan ya riga ya tafi. Ta ji shi yana ratsa bishiyoyi, yana dawowa, yana sake tafiya, har ya zama kamar ba muryarta ce kaɗai take faɗarsa ba. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, da haushin kanta a kai.

Can sai ga motsin ganye. Ga shi nan tafe, da jarkarsa, da hularsa ta saƙa, da ɗan ɗingishinsa.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ka so ka kashe ni da raina. Me ya tsayar da kai?"

"Na ji kin kira," ya ce a hankali.

"Kuskure ne. Ka yafe mini. Zo ka zauna in duba ƙafar."

Ya zauna a ɗaya ƙarshen gungumen. Ta jawo gwangwanin gishirin da suke zuba wa matsattsaku, ta durƙusa gabansa kamar kullum, ta kama ƙafarsa ta dama.

Safar fes take.

Ta juya ta. Ta duba bayan gwiwa, inda suke son maƙalewa. Ta duba bakin takalmi. Babu ko ɗaya. Yadin ma a bushe yake, ba laka, ba raɓa. Mutumin da ya ratsa jiƙaƙƙen ganye zuwa rafi ya dawo.

Kusa da takalminsa akwai wani matsattsaku a kan ganye, ya miƙe tsaye yana lalube, yadda suke yi idan sun ji ɗumin jiki. Ya karkata wajen ƙafar da ke hannunta. Ya tsaya. Sai ya lanƙwashe ya juya baya, yana sauri.

Seriah ba ta ɗago kai ba. Ta shaƙi iska a hankali. Mijinta warin gumi yake da taba da man zafi. Wannan ƙamshin fure yake, mai sanyi, irin na furen da ake shukawa a maƙabarta.

"Ƙafarka lafiya lau," ta ce. "Bari in hura wuta."

"Bar wutar. Duhu ya fi daɗi."

"Shinkafa fa?"

"An dafa mana a can. Gida ne babba, da fitilu. Tashi mu je." Ya ɗan sunkuyo. "Sai dai za su tambayi sunanki a ƙofa. Me zan ce musu?"

"Ka manta sunan matarka, Abang?"

"Tuna mini."

Ta saki ƙafar. Ta ja da baya a durƙushe har ta kai ga itacen da ta jera. Ta taɓa jarkar da ya ajiye da gwiwar hannu, jarkar ta faɗi, ba ko ɗigo a ciki.

To ina nata mijin? Idan wannan yana nan sanye da fuskarsa, shi yana wani wuri ana jansa, kuma ita ta miƙa musu igiyar. Ta san idan duhu ya gama rufewa ba a juyo da shi ba, shi ke nan.

Ta laluba aljihu ta ciro laitar da 'yarsu ta aiko daga birnin Kuantan, wadda aka ce ko cikin ruwan sama tana kamawa. Ta ƙyasta. Ko tartsatsi. Ta sake. Ta danna tocila, hasken ya yi ja, ya mutu.

"Ba za su yi ba," ya ce. Ba ta ga lokacin da ya matso ba, amma yanzu yana tsakiyar gungumen. "Sunanki."

Ta fara karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, hannunta cikin gwangwanin shinkafa. A nan Derus yake ɓoye turmin wutarsa don kada ya yi sanyi. Ɗan bututu ne na ƙahon ɓauna, tsawon yatsa, da 'yar taɓarya da ke shiga ciki cif. Gadon kakansa ne. Ana cusa audugar dabinon daji a bakin taɓaryar, a saka, a buga da tafin hannu, iskar da ta matse a ciki ita ce ke haifar da wuta. Ba mai, ba ƙarfe, ba batir. Sau nawa ta yi masa dariya a kansa, tana cewa duniya ta ci gaba ta bar shi da ƙahon kakansa?

Yatsunta suka same shi. Ta tsinko auduga daga murfin turmin, ta cusa.

"Me kike yi, Mai Tukunya?"

Har wannan sunan ya ji. Tun yaushe yake sauraronsu?

Ta buga. Taɓaryar ta tafi a karkace. Ta zaro. Baƙi.

Ƙamshin furen ya cika mata hanci.

Ta tuna yadda Derus yake cewa: bugu ɗaya, kamar kina marin wanda ya zagi uwarki, ki zaro nan take. Ta lakato man kwakwa ta shafa wa zaren da aka naɗe wa taɓaryar. Ta kafa gindin turmin a gwiwarta.

Wani sanyi ya sauka a wuyanta, kamar an ɗora jiƙaƙƙen ganye. Yatsu ne.

"Harafin farko kawai," ya raɗa.

Ta ce bismillahi, ta buga.

Ta zaro.

Ɗan jan ido, ƙarami kamar ƙwayar gero, yana numfashi a bakin taɓaryar.

Ta tura shi cikin busasshen zaren kwakwa ta hura. Ta hura. Hayaƙi, sannan harshe. Yatsun suka bar wuyanta.

Ba ta waiwaya ba. A hasken wutar ta ga inuwarta a jikin tamfol, ita kaɗai, babu ta biyu.

Ta jawo kwandon ta zazzage, ta kwance gaharun nan, abin da suka sha wahalar daji dominsa, ta jefa shi dukansa cikin wuta. Hayaƙi fari ya turnuƙe, mai nauyi, mai zaƙi.

"Ga kayanku," ta ce da ƙarfi, hawaye na zuba. "Mun ɗauka ba mu tambaya ba. Ga shi nan. Ku ba ni nawa."

Hayaƙin bai tashi sama ba. Ya kwanta, ya bi ta gefen kafaɗarta, ya tafi baya kamar ana zuƙarsa. Ta ji ana shaƙa. Ba hanci ɗaya ba. Da yawa, daga kowane gefe, har daga saman bishiyoyi.

Ta rarumi adda ta kai wa saiwar bugu. Kwam, kwam. Kwam, kwam. Ta yi ta yi har tafin hannunta ya fashe.

Gaharun ya cinye. Ƙamshin furen ya janye.

Wani gyare ya yi kuka. Wani ya amsa.

Sai can nesa, ba ta wajen rafi ba, daga saman tudu inda ba hanya, ta ji: kwam.

Ta buga. Ya buga. Kowane bugu yana matsowa. Ta ƙara wa wutar itace har ta yi tsawon mutum.

Da ya fito daga cikin ƙaya, rigarsa a yage, ba hula, ba jarka, Seriah ba ta ruga ta rungume shi ba. Ta ɗaga itace mai wuta ta haska ƙafafunsa.

Safar baƙa ƙirin take da matsattsaku. Sun hau har cinya, wasu sun ƙoshi sun yi tulu-tulu, jini na bin takalmi. Ba ta taɓa ganin abin da ya faranta mata rai kamar wannan ƙazantar ba. Ta zube ƙasa ta kama ƙafafun tana kuka.

"Ke na bi," ya ce, yana haki. "Kina gabana kina kirana, kina cewa in yi sauri. Har na hango fitilu. Sai na ji bugun adda a bayana, na ce to wace ce wannan take bugawa, idan ke ce a gaba?"

"Yi shiru, tsoho. Miƙo ƙafar."

Gari na wayewa suka naɗe raga suka sauka kogi, kwando ba komai. Ba su sake komawa wannan gefen dajin ba. Turmin wutar yanzu a wuyan Seriah yake rataye, kuma duk wanda ya shigo gidansu da magariba, ko ɗan cikinta ne, ƙafarsa take fara kallo.

Derus ya warke sarai, yana cin abinci, yana tsiyarsa. Abu ɗaya ne kawai. Ko a kunnensa ka kira sunansa ba ya juyowa. Ba kurumta ba ce, don yana jin faɗuwar cokali daga ɗaki. Ya ce shi dai idan an faɗa, ji yake kamar ana maganar wani. Mutanen ƙauyen suka gaji suka koma ce masa Tsoho.

Wata yamma suna zaune a baranda suna shan shayi, sai wani tsohon abokinsa da ya daɗe a birni ya hango shi daga kan hanya. Bai san komai ba. Ya ɗaga hannu cikin murna ya ƙwala kira.

"Derus!"

Tsoho ya ci gaba da hura shayinsa.

Daga bayan gonar roba, inda daji ya fara, aka amsa da muryarsa sak.

"Na'am."