Ɗigon Jinin Diddige

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna bai yi nisa ba. Amma Yayata ta ce in rubuta.

Ranar da murfin tukunya ya faɗi a bayan 'yarta, yarinyar ko waiwayowa ba ta yi ba, ranar Yaya ta shiga uku. Nan take gwaggon yarinyar, yayar mijin Yaya, wadda tun farko ba ta ƙaunar auren, ta dafe ƙirji, "Wallahi da idona na ga ta sharara mata mari! Ita ta kurmantar da ita!" Wayyo Allah... Yaya da ko ƙuda ba ta bari ya sauka a jikin 'yarta! Ta rantse, ta yi kuka har muryarta ta dushe, miji ya sunkuyar da kai. Aka kwance yarinyar daga bayanta aka miƙa wa Gwaggo. A gidan renon yara inda Yaya take aiki ma aka sallame ta, wai ba a ajiye mai dukan jarirai...

Tana ninke zanen goyo tana hawaye, sai ta tuna ranar haihuwa an huda diddigen jaririyar, an ɗiga jinin a wani kati. Ta miƙe, ko jinin nan zai wanke ta. Sau bakwai tana zuwa asibiti, har mai kula da ɗakin ajiya ta ce, "Baiwar Allah, bencin nan fa ya haddace ki!"

"To ki nemo min katin, mu huta ni da shi."

Aka nemo, aka gwada. Likita ta tara su duka.

"Ba mari ba ne. Wata ƙwayar cuta ce, CMV, tun tana ciki ta kama ta, ga ta nan a jinin ranar haihuwa. Mutane da yawa na ɗauke da ita ba su sani ba. Allurar rigakafinta muke gwadawa yanzu, muna neman mata masu sa kai."

Mijin ya juya wajen Gwaggo, idonsa jawur. "Kin ce da idonki kika gani..." Gwaggo ta hau kame-kame. Ya karɓe 'yarsa. "Kada ƙafarki ta sake taka gidana!" Ya durƙusa gaban Yaya yana neman gafara. Ita ko kallonsa ba ta samu yi ba, ta rungume 'yarta, ta ɗora ɗan hannun yarinyar a maƙogwaronta tana rera mata waƙa. Yarinyar ta ji motsin a tafinta, ta ƙyalƙyale da dariya. Allah mai iko!

Ni kuwa, ko allurar ɗinki tsoro take ba ni. Washegari da safe na je ɗakin likitar nan, na faɗi sunana da ƙarfi, na naɗe hannun rigata.