Wanda Ya Tauna Tauraruwa

Ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe, Mama Nokhaya ta dafa ƙofar ɗakin dafa alawarta da ke unguwar Mlungisi a garin Komani, sai ƙofar ta buɗe tun ba ta sa makulli ba. A bango babu komai sai ƙusa. Mazubin tagulla mai ramuka ɗari masu siffar tauraro, wanda marigayi mijinta ya ƙera shekara arba'in da suka wuce, ya ɓace. In babu shi, babu alawar Tauraruwa, wadda kan fara a baki tana alawa ta ƙare tana cingam.

Kafin 'yar sanda Saje Nomvuzo Dyantyi ta iso, unguwa ta gama yanke hukunci. An yi cincirindo, kowa na nuna Vuyisile, mai dafa wa Mama sukari. Wata bakwai ke nan da aka yi masa sakin talala daga gidan yari. Kamu ɗaya kacal, ya koma ya ƙarasa shekara huɗun da suka rage masa.

"Ga ɓarawonki nan, Saje," in ji Tumelo, mijin 'yar Mama, wanda ya zo daga Johannesburg ranar Juma'a cikin motarsa mai sheƙi. "Yana da makulli, kuma kowa ya san inda ya fito. Me kike jira?"

Vuyisile ya harɗe hannuwa a ƙirji. "Ban ɗauka ba. Kuma ba zan miƙa hannu ba. In ankwa za ki sa min, Saje, sai dai ki zo ki lanƙwasa su da kanki."

Saje. Kalmar ta soki Nomvuzo. Wannan ne fa yaron da ya taɓa cusa mata Tauraruwa a aljihu a bayan makaranta, ya ruga da gudu don kunya.

"Ba wanda zan kama don unguwa ta yi ihu," ta ce da ƙarfi. "Ku matsa min."

Ta durƙusa gaban ƙofar. Irin wadda ke kulle kanta ce da zarar an ja ta. Ba a ɓalle ta ba, ko ƙwarzane babu. Sai ta ga kiyashi sun yi layi daga ƙasa, suna hawa katako, suna shigewa ramin da harshen makulli ke faɗawa. Ta zura tsinke ta zaƙulo dunƙulen cingam ja. Ta ɗaga shi a rana. Cike yake da ɓarɓashin alawa mai ƙyalli. Ta sa shi a leda ta ƙulle.

"Mama, wa ya rufe ranar Asabar?"

"Ni. Ƙarfe huɗu na ja ta. Katakon ya kumbura tun ruwan bara, kama jikinsa yake yi, ban san ba ta kullu ba. Jiya kuma duk muna coci."

"Su wa ke ciki kafin ki rufe?"

"Vuyisile, da Nolitha mai naɗe alawa, da wannan." Ta nuna surukin da haɓa. "Ya zo ya sake yi min wa'azin in sayar wa wani kamfani sunan alawata da mazubina. Na ce masa ko gawata ba za ta sa hannu ba."

"Don hutunki ne, Mama," in ji Tumelo.

"Na ce maka na gaji ne?"

Nomvuzo ta buɗe kwalbar da ke kan tebur ta ɗebo Tauraruwa uku. "Tambayoyina da yawa. Kowa ya jiƙa bakinsa."

Nolitha ta ja da baya tana dariya. "Haba yarinya! So kike ki tona min asiri a gaban maza?" Ta tura harshe, haƙoran robarta suka zazzago, ta mayar da su. "Shekara tara rabona da cingam. Na ƙarshe da na gwada, tare da haƙoran ya fito, a tsakiyar waƙar coci."

"Na yafe miki, Sisi," in ji Nomvuzo, kamar yadda ake kiran yaya mace a garin.

Vuyisile ya karɓi tasa ba tare da ya dube ta ba. Ya tura ta gefen kunci.

"Ina makullinka, Vuyi?"

Ya zaro igiya daga wuyansa. Makulli na lilo a jiki.

Tumelo ya duba agogonsa, ya jefa tasa a baki. "Saje, tafiyar awa takwas ce a gabana."

Ƙarass! Ƙarass!

Wata tsohuwa daga taga ta ce, "Wayyo, ya tauna ta!"

"To, me ya faru?" in ji Tumelo. "Ba alawa ba ce?"

Nomvuzo ta miƙa masa takarda. "Tofa a nan."

Ya tofa yana yatsina. Ta ajiye ledar kusa da takardar. Ja iri ɗaya, ɓarɓashi iri ɗaya.

"Bari in gaya maka abin da kowane ɗan Mlungisi ya sani tun kafin ya iya ɗaura takalmi," ta ce. "Ba a tauna Tauraruwa. Tsotsa ake yi har sukarin ya narke ƙarƙaf, sannan cingam ya fito. Wanda ya tauna a gaban uwarsa ranƙwashi yake sha. Cingam ɗin da ɗan garin nan ya tofar ba ya da sauran zaƙi, kiyashi ko kallonsa ba sa yi. Wanda na ciro daga ƙofar nan kuwa biki suke yi a kansa. Sisi Nolitha ba ta iya tauna. Vuyisile na da makulli a wuya, me zai yi da toshe rami? Mutum ɗaya ne ya shiga nan ranar Asabar wanda ba shi da makulli, ba shi kuma da haƙuri. Ka toshe ramin, ka dawo jiya ana coci, ka tura ƙofa. Buɗe min bayan motarka."

"Kin san da wa kike magana? Zan kira lauyana!"

"Kira shi. Motar ba za ta motsa ba sai na samo takardar bincike, ko da za mu kai gobe."

Bai kira kowa ba. Ya tsaya yana kallon taron da ya kewaye motar, sannan ya danna makulli. A ƙarƙashin tayar ajiya, naɗe cikin tawul, tagulla ta yi walƙiya.

Nan take muryar Tumelo ta karye. "Mama, na riga na yi wa kamfanin alkawari. Na ɗauka in babu shi za ki haƙura ki sayar. Mu fa 'yan gida ne. Ki tuna 'yarki."

Mama Nokhaya ta rungume mazubin a ƙirjinta. "'Yata nake tunawa. Da sukarin nan na raine ta. Da ka tsaya a sata, da wataƙila na yi shiru. Amma ka nuna yaron mutane da yatsa, kana sane da inda za a mayar da shi. Tafi da shi, Saje."

Aka sa Tumelo a motar 'yan sanda. Waɗanda suka fi kowa ihu ɗazu suka fara sulalewa. Nomvuzo ta bi su da murya: "Ba mai ba shi haƙuri a cikinku?" Ba wanda ya waiwayo.

Sai a lokacin Vuyisile ya koma ɗakin dafa alawa. Ya zube kan buhun sukari, ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa.

"Tashi min a kan sukari!" in ji Mama, tana share ido da gefen ɗankwali. "An buɗe makaranta, yara za su zo da rana. Hura wuta."

Ya miƙe, ya rataya rigar aikinsa a wuya, ya kai hannu baya zai ɗaure igiyar. Sau biyu tana suɓuce masa. Nomvuzo ta riga ta kai bakin ƙofa, direban motar 'yan sanda na danna mata oda. Ta dawo, ta karɓi igiyar daga hannunsa, ta ɗaure masa.

"Na gode, Saje."

"Nomvuzo," ta ce, ta ƙara jan ƙullin.