Waya ta Biyu a Shagon Tela

Dokar ginin ce duk lokacin sanyi: da an rufe shaguna, mai gadi zai bi ya karɓe wayar kowace hita mai ɗumama ɗaki, gudun gobara, ya rataye a ɗakinsa sai da safe. Tela kuwa wayoyi biyu gare shi. Ya miƙa ɗaya, ya jira har mai gadi ya sauka, sannan ya danna sakata, ya jona ɗayar, ya tura hitar ƙarƙashin tebur cikin tarin ƙyallaye, ya ci gaba da ɗinki.

Ƙaurin tsumma ne ya sa ya ɗago. Wata tsohuwa ce tsaye a kansa, ta miƙo hannu.

"Ba ni wayar."

"Ke a su wa? Shagonki ne?"

"Ba ni wayar, ɗan nan."

"Iya, kama gabanki tun ina ganin girmanki. Ke za ki ɗauke mini sanyin?"

Duk da hitar, tururi na fita daga bakinsa. Nata bakin ba ya fitar da komai. Ta durƙusa, ta kama ƙarfen hitar da ya yi jajir, ta riƙe ko gezau.

"Wanda ya riga ka zama a nan ma haka ya ce mini."

Tela ya waiwaya. Sakata na nan yadda ya danna ta. Daga ƙofa har teburinsa, sawun ƙafa ne baƙi a kan leda, kowanne yana hayaƙi.