Jakunkunan Auta

Ranar da Auta ta fara shiga shagon kwamfutar, da buhu ta shigo. Saurayin da ke buga wa mutane takardu ya ɗaga kai, ya ga doguwar yarinya tana zazzage masa ƙyallaye a kan tebur, nan take ya manta abin da yake bugawa.

'Yar tela ce, ta taso tana ganin ana share ragowar yadi ana zubarwa. So take ta riƙa bin teloli tana kwashe ƙyallen, ta ɗinka jakunkunan makaranta masu araha. Jari ne babu, kuma duk wanda ta tunkara sai ya ce ta kawo tsarin kasuwancin a rubuce.

Ya ce zai rubuta mata. Aikin da ya saba gamawa a yini guda ya ja shi makonni, kullum da sabuwar tambaya: su wa za su saya, wa zai kai kaya, a ina za a ajiye keken ɗinki. Ta gano shi sarai, ta yi kamar ba ta gane ba. Ya sa mata suna Manaja, ita kuma tana ce masa Sakatare.

Wata safiya saƙonsa ya shigo: "Manajata, na iso shafin masu kamfani. Na bar layi biyu. Ko na yi zaƙewa?"

Ta amsa: "Bar su haka, Sakatarena. Amma sai Baba ya yarda."

Baba kuwa bai yarda ba. Ya ce ba zai ba mai cin abinci da buga mafarkin wasu 'yarsa ba. Idonsa na kan mai yadin da ya daɗe yana sayen kaya a wurinsa, mutumin da kwanan nan gaisuwarsa ta ƙara tsawo idan Auta na shago. Baba ya ce in dai jari ne, a kai wa mai yadin takardar.

A nan Auta da Sakatare suka fara saɓawa. Auta ta so a bar yadda ake haɗa ƙyallen, da ɗinkin igiyar rataya, da telolin da suka yi mata alkawari, duk a cikinta, kada a rubuta su. Sakatare ya kafe cewa babu mai sa jari a abin da bai gane ba. Ya rubuta komai dalla-dalla, har da zane. Tsarin ya yi kyau, kyan da ya sa duk wanda ya riƙe shi ba ya buƙatar Auta. So ne ya sa shi, gaskiya, amma son bai hana shi wauta ba.

Mai yadi ya karanta, ya yaba, sannan ya ce jari a shirye yake ranar da ta shigo gidansa. Ta ce ba ta haɗa da wannan a tsarinta ba. Ya yi murmushi, ya jefa takardar a durowa. Kafin a koma makaranta, kekunan ɗinkin jaka sun cika bayan shagonsa, telolinta duk sun koma nasa.

Auta ta daina ɗaga waya. Da aka ce mata an ga Sakatare a shagon mai yadi, sai zuciyarta ta yanke cewa sayar da ita ya yi. Ba ta san takardar ya je karɓowa aka yi masa korar kare ba. Ta yi kuka har ta gaji, rabin kukan na jakunkuna, rabi nasa.

Ya rubuto: "Wallahi ban sayar da ke ba. Na dai fi son a yaba rubutuna da in saurare ki. Na san wannan ma bai fi wancan sauƙi ba."

Ta karanta saƙon, ba ta goge shi ba.

Ranar da ma'aikatan mai yadi suka zo shagon Baba da buhu, suka ce a tara musu ƙyalle, tsohon ya rufe shago tun rana tsaka. Ya zauna a tsakar gida ya kasa kallonta.

"Auta, ni na tura ki. Kira yaron nan."

Kunya ce ta ba da auren, kowa ya sani, har angon. Aka ɗaura, aka sa albarka, Baba ya yi musu addu'a.

Washegari gwaggonta ta kawo mata 'yan kaya a wata jaka mai launi-launi, tana ta yabo, wai yanzu kowane yaro irinta yake ratayawa, Allah ya yi wa mai wannan dabara albarka. Auta ta ce amin.

Da gwaggo ta fita, ta juya jakar, ta bi ɗinkin igiyar da yatsa tana neman aibu. Babu. Daidai da zanen aka yi shi.

"Ka iya rubutu," ta ce wa Sakatare.

Ya sunkuyar da kai, ya ce za su tsara wani.

"Za mu tsara. Amma wannan karon, abin da na ce ka bari a cikina, ka bar shi."

Ya riƙe hannunta, ba ta janye ba. Allah ya ba su zaman lafiya. Jakar kuwa tana nan rataye a bayan ƙofa, ta ƙi yagewa.