Sunan Imas a Gefen Layi

An kashe Wisnu Permadi ranar Laraba da rana tsaka, a kan kujerarsa ta aiki, lokacin da abokan aikinsa suka fita cin abinci.

Sufeto Tatang Rukmana ya iso da ƙarfe biyu saura. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon gyaran babur a Bandung, mai tebura biyar. A nan 'yan garin da ke aikin Kolecer suke zama. Kolecer manhajar shiga intanet ce da ba ta da mai ita. Dubban mutane a duniya ke rubuta ta, kowa na iya buɗe cikinta ya gani.

Gawar na kife a kan tebur. An fasa ƙeyar. Jini ya bi igiyoyin wuta ya taru a ƙasa. Hannun dama kuwa ba a bar masa yatsa ɗaya lafiya ba.

"Ba ɓarawo ba ne," in ji Saje Dudung. "Ga wayarsa, ga walat."

"Ɓarawo ba ya tsayawa dakan yatsu."

Sufeto ya durƙusa ya zaro wani abu daga cikin jinin. Madanni ne guda na allon rubutun kwamfuta, tsoho, mai kauri. Harafin kansa ya goge, wani ya sake zana shi da jan farce. Ya duba allunan da ke kan tebura biyar ɗin. Babu wanda ya rasa madanni.

Lilis Nuraeni, abokiyar aikinsa, ita ce ta tarar da gawar. Tana zaune a kan matakala, ledar abincinta na gefe ba ta buɗe ba.

"Wa ke jin haushinsa?" Sufeto ya tambaya.

"Tun Litinin? Rabin duniya, Yallaɓai."

"Rage min."

"Shekara ashirin kowa na rubuta manhajar nan yadda ya ga dama. Wannan ya matsa layi ciki, wancan ya bar shi a baki, a wuni ana faɗa a kan tazara. Sai aka yanke a kawo wata manhaja da za ta jera komai iri ɗaya da kanta. Dutsen Guga muke ce mata. Wisnu ne ya danna. Layi miliyan uku cikin minti arba'in."

"Ta ɓata aikin?"

"Ko kaɗan. Sai dai kowane layi yana da sunan wanda ya taɓa shi na ƙarshe a gefensa. Yanzu duk sunan Wisnu ne."

Ya nuna mata madannin. Ta ce ba ta san shi ba. Amma idonta ya tafi kan wata kanta da ke bango, inda ƙura ta bar shatar wani dogon abu da aka ɗauke.

Gugun Hermawan aka fara kamawa, don shi ne ya rubuta a zauren aikin na intanet, duniya na gani, cewa sai ya karya hannun da ya danna. Aikinsa na wata takwas ya ƙi shiga sabon tsarin.

"Yau ko ƙafata ban sa a ofis ba," in ji shi.

Sufeto ya ce, "Bakanike na ƙasa ya ga hawanka da ƙarfe tara. Wannan bandejin na hannunka fa, lalle ne?"

Gugun ya sunkuyar da kai. "Naushi ɗaya na kai masa. Ya kauce, na samu bango."

"Bangon ya rama ke nan," in ji Saje.

Takardar asibiti ta nuna tun sha ɗaya yake layin ɗauri har ƙarfe ɗaya da rabi. Aka sake shi.

Sufeto ya koma wurin Lilis. Bai zauna ba.

"Mene ne aka ɗauke daga kantar can?"

"Ban lura ba."

"Malama, an daka wa mutum yatsu biyar. In kika sake ce min ba ki lura ba, a caji ofis za ki ci abincin nan."

Sai ta fashe da kuka. Allon rubutun Teh Imas ne, wato Yaya Imas a yarensu, ta ce, tsoho mai gindin ƙarfe, ya fi kilo biyu. Imas ita ce ta fara wannan ofis, ita ta rubuta sashen da ke zana haruffa a fuskar kwamfuta. Ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Mijinta Endang, da suke ce wa Kang don girmamawa, shi ne babba a cikinsu, kuma ba ya barin kowa ya taɓa allon.

"Shi ya koya min aikin nan, Yallaɓai. Shi ya sa na yi shiru." Ta share hanci. "Akwai abin da ya kamata ka gani."

Ta kunna kwamfutar mamacin ta nuna masa abin da yake rubutawa lokacin da aka buge shi. Sufeto ya sa ta yi masa bayani sau biyu, sannan ya ce a buga masa a takarda.

Da la'asar suka tarar da Endang Sobirin a tsakar gidansa, furfura ta cinye kansa, yana zaune a kan tabarma.

"Ina kake da rana tsaka?"

"Maƙabarta. Na je share kabarin matata."

Saje ya zaga baya ya dawo da allon. An wanke shi an jingine a rana, har yanzu yana ɗigar ruwa. Kusurwarsa ɗaya ta lotsa. Sufeto ya ciro madannin daga leda ya ɗora a gurbin da ke fayau. Ya zauna daram.

Endang ya daɗe yana kallon jan farcen.

"Ba mu haihu ba," ya ce. "Abin da ta bari layi dubu arba'in da ɗaya ne. Kowace safiya ina buɗewa in karanta sunanta da kwanan wata a gefe. Ga ranar da muka yi faɗa. Ga ranar da likita ya gaya mata. Ran Talata na buɗe, Wisnu, Wisnu, Wisnu, har ƙasa."

"Sai ka je ka kashe shi."

"Allon na je ɗauka in bar musu aikin. Na ce masa, 'Ka binne min ita sau biyu.' Ko juyowa bai yi ba. Dariya ya yi, ya ce, 'Haba Kang, ba ni minti goma kawai.' Allon yana hannuna. Bugun farko a kai. Bayan ya kife na ga hannun nan a kan tebur, ban san sau nawa na daka shi ba."

Sufeto ya miƙa masa takardar. "Kai ka iya karanta irin wannan, ni sai da aka yi min bayani."

Ɗan gajeren umarni ne da ke gaya wa tsarin ya tsallake aikin Dutsen Guga in zai nuna suna, kowane layi ya koma wa mai shi. A ƙasa Wisnu ya rubuta: "Don Kang Endang. Na gwada a sashen Teh Imas, duk sunanta ya dawo." Saura ya danna ya aika.

Endang ya karanta. Ya buga goshinsa da siminti sau biyu kafin Saje ya danne shi ya sa masa ankwa. Jini na bin hancinsa aka tura shi mota, maƙwabta na leƙe.

Ranar Litinin da ta biyo baya Lilis ta aika umarnin da sunan Wisnu. Sunan Imas ya dawo a layi dubu arba'in da ɗaya, kuma yana nan har yau, kowa na iya buɗewa ya gani. Kotu ta ba Endang shekara goma sha takwas a gidan yari, inda ba a shiga da kwamfuta. Ya mutu a ta bakwai, bai gani ba.