Tasbahar da Ta Komo Daga Kwatano

Da sunan Allah, Mai haɗa zukata bisa ikonsa.

A kasuwar Dogon Dutsi, shekara biyu bayan samun mulkin kai, Balki ɗiyar Liman Ɗantala ta fara ganin Issa yana awon gyaɗa. Ya ɗaga kai, mudu ya suɓuce masa. Kafin kaka ta wuce ya sa mata suna Hasken Gida.

Da Issa ya nemi aurenta, Liman bai so ba, domin Issa na shirin cin rani a Kwatano, bakin teku, inda danshi da sauro suka cinye samarin Arewa da dama. Da ya ga Balki ta daina cin abinci, sai ya sassauta. Ya kira Issa ya gargaɗe shi: kada ya kwana ba gidan sauro, kada ya sha ruwan da bai tafasa ba, kada ya hau kwalekwale ko an roƙe shi. Sa'an nan ya miƙa masa tasbaharsa.

"Da hannunka za ka maido mini ita. Ranar zan ba ka Balki."

Bayan wata huɗu, Maikano, abokin tafiyar Issa, wanda ya daɗe yana son Balki, ya komo shi kaɗai. Ya durƙusa gaban Liman, ya ajiye hular Issa da tasbahar, bai ce uffan ba. A ƙasarmu, in hula da tasbahar matafiyi suka riga shi isowa gida, ba a tambaya, salati ake yi. Aka zauna makoki. Inna Kubra, mahaifiyar Issa, ta kwanta ciwo ranar sadakar bakwai, ba ta kai ta arba'in ba.

Maikano ya aiko da goron neman aure. Balki ta mayar, ta ce zuciyarta na takaba ko shari'a ba ta ɗora mata ba.

Sai ga wasiƙa da ajami:

"Hasken Gidana, na saɓa wa Baba Liman. Na hau kwalekwalen masunta, igiyar ruwa ta karya mini ƙafa. Ina kwance gidan likita. Na ba Maikano ajiyar hulata da tasbaha saboda ɓarayi. Ki gaida Inna, ki ce ina tafe."

Balki ta karanta har ƙarshe, ta rasa wadda za ta kai wa gaisuwar.

Da aka tuhumi Maikano, ya ce shi bai ambaci mutuwa da bakinsa ba. Liman ya amsa masa cewa Ubangiji na jin shiru kamar yadda yake jin magana.

Issa ya sauka tasha yana dogara sanda. Liman ya ɗora masa tasbahar a tafin hannu, ya ce, "Miƙo ta, ɗana. Alkawari ya cika."

Aka ɗaura aure ba kiɗa, ba guɗa. Washegari Balki ta fito da wasiƙar.

"Maigidana, saƙonka ga Inna har yanzu yana hannuna. Ni ba ni zuwa maƙabarta. Kai za ka kai."

Ya karɓa, ya ɗauki sandarsa.

Allah ya jiƙan Kubra, ya albarkaci wannan gida, ya kuma tsare matafiyanmu.