Wanda Ya Zauna a Kujerar Sama'ilu

Gab da magariba na sauka gindin dutse na karɓo kwanon tuwona, na koma ɗakin rediyo da sauri. Watan Agusta ne na 1976, marka ta zauna. Tasharmu tana kan wani dutse tsakanin Kazaure da Roni, ɗaki ɗaya da rumfar injin wuta. Aikinmu shi ne mu karɓi jiragen saman da ke zuwa daga arewa, mu ba kowanne tsayin da zai bi don kada biyu su haɗu, sannan mu miƙa su ga babban filin jirgi na birni.

A takarda mu uku ne masu magana da jirage. A zahiri ni kaɗai ne, sai Kawu, dattijon da ke kula da inji. Na ukunmu a takarda bai taɓa zuwa ba ma. Sama'ilu kuwa, abokin aikina, an ɗauke shi tun bazara, wai aron wata ɗaya. Arzikin mai ya zo, kowane mai tumbi ya koma hawa jirgi, jirage sun ninka, amma a turo mini mutum ɗaya tak ya gagara. Takarda bakwai na rubuta wa hedikwata. Amsar ba ta canzawa: ana dubawa. Har yau in na ji mutum ya ce ana dubawa, raina ɓaci yake yi.

Ran nan na yi awa goma sha shida a bakin aiki, idanuna kamar an zuba barkono. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Birni suka bugo waya, suka ce ruwa ya rufe filinsu, in riƙe duk jirgin da ya zo. Biyar suka zo. Kowanne da 'yar takardarsa a kan allo, da sunansa da tsayinsa. Na sa jirgin kaya a ƙafa dubu bakwai, na sa jirgin fasinja mai mutum ɗari da ashirin a dubu tara, sauran ukun a samansu. Duk suna kewaya bisa kaina, duk suna son magana lokaci guda, ga wayar birni tana ta ruri.

Kawu ya leƙo da buta a hannu.

"Malam Lawal, magariba ta yi."

"Kawu, da wane hannun zan yi alwala?" Na daki kujerar Sama'ilu da ƙafa. "Wata biyar ba kowa a kanta. Wallahi ko aljani ne ya zo ya zauna, ina so."

Kawu ya ajiye butar. Ya yi ƙasa da murya.

"Ba a faɗin haka da almuru, ɗana. Balle a kan dutsen nan. Nemi gafara."

Ban nema ba. Wani matuƙi yana kira, na juya gare shi. Kawu ya ɗan tsaya, sannan ya tafi rumfar inji.

Ruwa ya kece. Kwanon rufi ya ɗauki ƙara har da ƙyar nake jin lasifika. Fitila ta yi ja, ta dawo. Sai wani wari ya cika ɗakin, warin murhun da aka kashe da ruwa.

Ƙofa ba ta buɗe ba. Ba wanda ya yi sallama.

Kujerar ta yi ƙara, irin wadda take yi in an zauna.

Ban waiga ba. Wayar birni ta daina ruri, kamar an ɗaga. 'Yan takardun da suka hargitse a kan allo na gan su jere. Zan faɗi gaskiya ko da abin kunya ne: sauƙi na fara ji kafin tsoro. Gajiya ta kai ni can.

A aikinmu akwai ƙa'ida. Duk umarnin da ka ba matuƙi, sai ya maimaita maka, don ka tabbata ya ji daidai. Sai ga matuƙin jirgin fasinja cikin lasifika, da Turancinsa a natse, yana maimaitawa: zai sauko ƙafa dubu bakwai.

Ni ban ce ya sauko ba.

Dubu bakwai wurin jirgin kaya ne. Cikin gajimaren nan ba mai ganin wani.

Na danna makirufona. Shiru. Na sake dannawa. Ya mutu.

Saura ɗaya, yana kan teburin Sama'ilu.

Na waiga.

Yana zaune, ya ba ni baya. Rigar kaki irin tamu, jiƙe sharkaf. A zaune yake, amma kansa na gogar rufi. Yatsunsa sun naɗe makirufon zagaye biyu.

"Ba ni," na ce.

"Kai ka kira," in ji shi, a hankali. "Jirage sun yi maka yawa. Ina rage maka biyu."

Lasifika ta ce, dubu takwas.

Na ja jiki a kan teburi.

Dubu bakwai da ɗari biyar.

Na yi bismillah, na cusa hannu cikin yatsun nan. Sanyi ya ratsa ni har ƙashi. Na danna, na ce wa jirgin fasinja ya juya dama ya hau dubu tara, yanzu, yanzu.

Shiru.

Numfashi a ƙeyata.

Sai matuƙin ya maimaita.

Ban san tsawon lokacin da ya wuce ba, sai na ji matuƙin jirgin kaya yana cewa wani abu ya gifta ta samansa, har ya ga tagogi da fitilu a ciki.

Kawu ya tarar da ni a ƙasa, makirufo a hannu, ina ci gaba da ba jirage tsayinsu. Ya tsaya a kaina yana Ayatul Kursiyyu har na miƙa na biyar ga birni. Kujerar ba kowa, sai ruwa yana ɗiga daga kanta. Yatsuna uku na dama ba su ƙara lanƙwasawa ba, da hagu nake rubutu har yau.

Washegari na rubuta takarda ta takwas. Ban ambaci aljani ba, na san dariya za su yi. Na ce dai mutum ɗaya ba zai iya ba, an kusa rasa rai ɗari da ashirin. Na haɗa da faifan da ke naɗar duk maganar da aka yi da jirage, yadda doka ta ce.

Wannan karon amsa ta zo cikin mako biyu. Sun ce sun saurari faifan, sun ji muryoyin ma'aikata biyu a bakin aiki, don haka ba su ga dalilin ƙaro mutum ba. A ƙasan takardar kuma aka umarce ni in turo cikakken sunan abokin aikin nawa, domin a ja masa kunne.